Ƙugin Aro

Daren jajibirin taron ban runtsa ba. Na kashe fitila, na kunna, na sake kashewa, amma tambayar tana nan inda na bar ta: idan mutum ya mayar da abin da ya tabbata yana wurin tun farko, ƙarya ya yi ko gyara? A kan teburin da ke gefen gadona akwai ɗan filash baƙi, da fayil biyu a cikinsa. Murya ɗaya ce a cikinsu, magana ɗaya, tsawo ɗaya. Washegari da la'asar za a saka ɗaya a gaban jama'a, kuma ni ne zan danna.

Muryar ta Likitan Kaji ce. Haka muke kiransa tun muna jami'a, domin likitancin dabbobi ya karanta, kuma duk hirar da aka ɗauko, ko da ta ƙwallo ce, sai ya karkatar da ita ta ƙare a kan cutar kaji. Bafalasɗine ne, mutumin Gaza, ya zo karatu da tallafi aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Shi ya laƙaba mini suna Kunne, saboda ƙaramin firijin ɗakinmu yana wani gurnani da babu mai ji sai ni, har nakan tashi in zare shi daga wuta, da safe ya tarar da madararsa ta lalace. Wani dogon hutu da hanyar gida ta gagare shi, a gidan yayata ya zauna tare da ni. Tun daga lokacin yake ce mata Yaya, yana jan kalmar da irin harshensa, ita kuma tana ce masa ƙaninta na waje.

Bayan mun gama, na samu aiki a gidan rediyo ina tace sauti. Shi ya koma gida ya buɗe shagon maganin dabbobi a ƙasan gidan mahaifinsa. Da yaƙi ya ɓarke sai saƙonninsa suka gajarce: muna raye, mun tashi daga gida, shagon ya tafi, mun sake tashi. Ya saita hirarmu yadda saƙo zai ɓace da kansa bayan ɗan lokaci, ya ce ba ya son a duba wayarsa a hanya a ga abin da za a tsare shi da tambaya a kai. Ban yi musu ba. Wane ne ni da zan yi musu, ina zaune a ɗaki mai sanyi ina gyara tallan sabulu?

Saƙonsa na ƙarshe na murya ne, mai tsawo. Ya fara da dariya. Ya ce in gaida Yaya, in gaya mata ya yafe mata duk ƙwan da ta ƙona masa, yau da zai samu ko ƙonannen ne da har kaskon zai lashe. Ya ce suna cikin tanti, maganin hawan jinin mahaifiyarsa ya ƙare. Ya ce yanzu mutane suna kawo masa yaransu. "Na ce musu ni likitan kaji ne, suka ce ai dai likita ne. Ina ɗaga yaro in ƙiyasta nauyinsa kamar ɗan rago, in raba ƙwaya da wuƙa, in yi addu'a." Daga nan ya dakata.

"Tsaya, Kunne. Kana jin ta?"

Ya ɗaga wayar sama, ya yi shiru mai tsawo. A cikin shirun akwai ƙugin jirgi marar matuƙi, ba mai ƙarfi ba, amma ba ya yankewa, yana hawa kaɗan yana sauka kamar injin da aka manta a kunne a cikin kan mutum.

"Ka ji ko? Ba ta tafiya. Dare da rana. Kai da firiji ya hana barci, da a nan kake da tuni ka yi tsirara ka shiga titi." Ya sake yin dariya, guntuwa. "Idan akwai mai sauraro a can wajenku, ka saka masa."

Tun daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba. Duk abin da na tura masa yana nan da alamar bai isa ba.

Muna da ɗan kwamiti a garinmu na masu neman a dakatar da kisan fararen hula a buɗe hanyar abinci da magani. Babu wani babba a cikinmu. Akwai wata lauya da muke kira Barista, ita ce shugaba, a ɗakin bayan ofishinta muke haɗuwa tsakanin tarin fayiloli da kujerun roba. Akwai malaman makaranta, da mai kemis, da wani mai ɗab'i da kowa ke kira Mai Fasta, wanda yake buga mana kwalaye kyauta yana mita. Mun tsaya a ƙofar ofisoshi da kwalayen a hannu har rana ta gasa mu, an fito an karɓi takardarmu da murmushi an shige. Mun kira shirye-shiryen waya na rediyo. Manajana ya ce mini yana tausaya wa mutanen ƙwarai, amma tasharsa da talla take ci, kuma masu talla ba sa son tashin hankali kusa da sabulunsu. Saboda haka muka yanke shawarar kiran taro a zauren wata makaranta. Ni na ce ina da muryar da ya kamata a ji.

Aikina ba mai wuyar bayani ba ne. Duk muryar da aka naɗo daga waje tana zuwa da datti: ƙarar janareta, kukan fanka, hucin iska a bakin makirufo. Abu na farko da muke yi shi ne mu nemi inda mai magana ya yi shiru, mu nuna wa kwamfuta cewa abin da ke wurin shi ne dattin, sai ta bi fayil ɗin daga farko zuwa ƙarshe ta tsince shi. Wanki muke kiransa. Na yi shi sau dubbai, har hannuna ya daina neman izinina.

Ranar da na kai saƙon wurin aiki don in daidaita ƙarfin muryar, na cusa shi cikin ayyukan ranar don kada manaja ya lura: tallan makarantar koyon tuƙi, sanarwar ɓatan takardu, hirar wani ɗan kasuwa da aka naɗa kusa da injin niƙa. Ɗakin cike yake da abokan aiki suna gardamar ƙwallo. Na san idan na sake sauraron muryarsa a wurin ba zan iya riƙe fuskata ba, don haka na cire abin sauraro daga kunne na rataye a wuya, na yi aikin da ido. A kan allo murya zane ce kawai, tudu da kwari. Na ga wani dogon fili da babu magana, da layi mai kauri a tsakiyarsa. Duk mai irin aikina ya ga wannan zai ji daɗi, domin ba kullum ake samun datti a ware haka ba. Na zaɓe shi, na wanke, na adana a kan na asalin kamar yadda na yi wa sauran, na tashi na tafi cin abinci.

Ban san abin da na yi ba sai da kwamiti ya zauna sauraro. Mai Fasta ya kawo ƙaramar sifikarsa ta shago, mai tabon tawada, muka ɗora ta a kan teburin Barista. Muryar ta fito tas, kamar a situdiyo aka naɗe ta. Aka yi dariyar ƙwai. Mai kemis ya girgiza kai a wajen raba ƙwaya da wuƙa. Sannan Likitan Kaji ya ce, "Kana jin ta?"

Babu komai. Shiru ne wanda ko a ɗakin da babu kowa ba a samun irinsa, domin ɗaki ma yana da numfashi.

"Injiniya, ta mutu ne?" in ji Mai Fasta. Ya ɗauki sifikar ya buga ta da tafin hannu. "Wallahi jiya na yi mata caji."

"Ka ji ko?" in ji muryar daga hannunsa. "Ba ta tafiya."

Na ciro wayata na buɗe hirarmu. Saƙon ya riga ya ɓace, kamar yadda ya saita. Na fita na hau babur zuwa tasha, na bincike kwamfutar ciki da waje, na duba kwandon shara, na duba duk inda na san na'ura takan ɓoye tsohon kwafi. Mai gadi ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Da na komo ofishin Barista sauran sun watse, sai ita da Mai Fasta suna jirana. Na gaya musu gaskiya a tsaye.

Barista ta cire tabarau ta murza idanu. Ta girme ni sosai, kuma ba ta da ɗabi'ar ɗaga murya.

"Zauna, ƙanina. Zan tambaye ka, ka amsa mini a taƙaice. Jirgin yana wurin ko ba ya wurin?"

"Yana wurin."

"Ka ji shi da kunnenka?"

"Na ji."

"Irinsa nawa ne a sama a can? Ɗaya ne?"

"Ba ɗaya ba ne."

"To ka nemo ƙarar ka mayar. Wa ka yi wa ƙarya? Shi da kansa ya ce a saka wa mutane su ji. Idan ka saka musu wannan, me suka ji?"

"Duk jirgin da na nemo ba shi ne wanda ya ɗaga wa waya ba, Anti."

"Kai, wannan yaro da tsirfa yake," in ji Mai Fasta. "Jirgin ɗan'uwanka ne da za ka gane muryarsa? Ni hoto in ya dushe ina ƙara masa kala, har yau ba wanda ya kai ni kotu. Ko ba haka ba, Barista?"

"A kotu ba zan yarda da shi ba," in ji ta. "Zan tsaya in yaga shi gaban alƙali. Amma wannan ba kotu ba ce. Da akwai alƙali a maganar nan, ai da ba mu taru a bayan ofishina a kan kujerun roba ba." Ta mayar da tabarau. "Mutanen da za su zo sun gaji. Sun ga hotuna har idonsu ya mutu. Abu ɗaya muke da shi da ba su taɓa ji ba, kuma ka wanke shi. Ba faɗa nake maka ba. Roƙonka nake."

Da faɗan ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Na shafe maraice biyu ina bin bidiyoyin da mutanen can suke ɗorawa. Samun ƙugin ba wuya, yana cikin kusan kowanne, amma ba shi kaɗai ba: maganar mutane ta hau kansa, ana gudu, ana kuka, wasu kuma an lulluɓe su da kiɗa. Ni kuwa tsantsarsa nake nema. A ƙarshe na samu wani da aka ɗauka da magariba. Wata mata ce a tsaye a kan tarin ɓaraguzai, ta ba kyamara baya. Tana kiran wani suna, sai ta yi shiru ta karkata kai tana sauraro, sai ta sake kira. Duk wanda ke wurin ya yi tsit domin ta samu ta ji ko za a amsa daga ƙasa. A cikin waɗannan shirun nata ƙugin yake, tsaf, babu gauraye. Na yanko su ɗaya bayan ɗaya, na zubar da kiran, na ɗinke su suka zama zare guda, na maimaita shi har ya kai tsawon saƙon, na shimfiɗa a ƙarƙashin muryar abokina. Na ɗan rage kaifinsa har ya dace da abin da nake tunawa. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba.

Na kai wa Barista ta saurara a wayata. Da aka zo wajen tambayar, ta dafe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna motsi. Ta ce, "Wannan shi ne. Allah ya yi maka albarka." Na ce amin, na fito.

To ga shi jajibiri ya zo, ina kwance ina kallon silin. Na kawo wa kaina duk hujjojinta, na ƙara da nawa. Na ce ai duk sautin da ke fita daga rediyo an taɓa shi, babu muryar da ke isa kunnen mai sauraro yadda ta fito daga baki. Na ce Likitan Kaji ba zai damu ba, dariya ma zai yi, ya ce Kunne ya kashe jirgi da linzamin kwamfuta, abin da ya gagari duniya. Sai wata zuciyar ta ce: akwai masu zaman jiran su kama ƙarya ɗaya su ce duk sauran ma ƙarya ne, har maganin mahaifiyarsa, har yaran da yake ɗagawa. Sai ta farkon ta ce wa zai kama, a zauren makaranta, a garin da babu wanda ya san da zamansa? Wannan amsar ita ta fi ci mini rai, domin gaskiya ce. Babu wanda zai kama, saboda babu wanda yake kallonmu. Ina ta auna abu da ma'aunin zinariya, alhali ko na saka wannan ko na saka wancan, jirgin yana can yana ƙugi a kan tantinsa, idan har akwai sauran tantin.

Da gari ya fara wayewa na ji mabuɗi a ƙofa. Yaya ce, wadda nake zaune a gidanta, ta dawo daga aikin dare, domin nas ce a ɗakin haihuwa. Ta ga haske a ƙarƙashin ƙofata ta turo ba sallama.

"Auta, kai kuma mayya ce ta kama ka? Ni da aka biya ni in kwana a tsaye na ga dalili, kai fa?"

Na bi ta kicin. Ta ɗora ruwan shayi, ta cire takalma ta ɗora ƙafafu a kan kujera, na ba ta labarin duka. Ba ta taɓa jin saƙon ba, domin na ɓoye mata, ina jiran ya sake turo wani mai ɗan daɗi in haɗa mata. Na saka mata wankakken. Da ya zo maganar ƙwai ta fashe da dariya.

"Ɗan banza! Sau ɗaya na ƙona, sau ɗaya! Shi ne ya tsaya yana yi mini wa'azin yadda kaza ke wahala kafin ta saka shi."

Dariyar ba ta ƙare da kyau ba. Ta juya ta fuskanci tukunya har saƙon ya ƙare. Sannan na saka mata na biyun. Ta saurara da kofi a hannu, ba ta kurɓa ba.

"Da wannan ka fara ba ni ban sani ba, da ya hana ni barci mako guda," in ji ta. "Yanzu da na sani, ina ta neman inda ka ɗinke."

"Kin samu?"

"Ina zan samu? Ni kunnen mutane gare ni." Ta hura shayin. "A wajenmu, idan dare ya yi tsanani aka tsallake awon zafin jikin wata, akwai masu zuwa da asuba su cike gurbin da abin da suka san zai kasance. Kuma yawanci daidai suke rubutawa."

"Ke fa, Yaya?"

"Ni shayi nake sha. Kada ka jawo ni cikin shari'arku." Ta ajiye kofin, ta dube ni sosai. "Ka dai sani, ko wanne ka saka ba zai kai wa uwarsa ƙwaya ɗaya ba. Kada ka kashe kanka. Je ka watsa ruwa, kana warin rashin barci."

Na isa zauren da wuri don in gwada kayan sauti. Ɗaki ne mai faɗi da tagogin ƙarfe, allon rubutu a bango ɗauke da ragowar lissafin da ba a goge ba. Mai Fasta yana kan tebur yana manna kwalaye, yana faɗa da salatif. An jera kujeru fiye da yadda na san za su cika. Mun aro manyan sifiku biyu daga wani mai kayan biki, na haɗa su da kwamfutata, na ce wa Mai Fasta ya yi mini shiru kaɗan. Na saka na biyun, na ɗaga sauti sosai, na je tsakiyar zauren na tsaya.

Ƙugin ya cika ɗakin har gilashin taga yana amsawa. Sai na ji wani abu da wayata da abin kunnena ba su nuna mini ba. A ƙarshen zaren da na ɗinka, daidai inda yake komawa farko, akwai wani ɗan sauti siriri. Na jira ya zagayo. Ya sake zuwa. Jan numfashi ne. Matar ce take cika ƙirjinta za ta kira sunan, ni kuma na yanke daidai nan. Ba ta kira ba. Zaren ya zagayo, ta sake jan numfashi, ba ta kira ba. Haka take yi a ƙarƙashin muryar abokina tun daga gaisuwar Yaya har zuwa ƙarshe.

"Ka ji wannan?" na ce wa Mai Fasta.

"Na ji mana. Tsigar jikina duk ta tashi. Wannan jirgi Allah ya isa."

"Ba jirgin ba. Saurara. Nan."

Ya karkata kai, salatif yana lilo a yatsansa. "Injiniya, ni tawada na sani. In akwai aljani a ciki kai ka gan shi. Miƙo mini almakashi."

Na miƙa masa, na koma wajen kwamfuta. Gyaran ba komai ba ne. Na buɗe fayil ɗin, na faɗaɗa zanen har na ga wurin, wani ɗan tudu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. In zaɓe shi, in danna, shi ke nan, aikin ya zama marar aibi. Na ɗora linzami a kansa. Sai a lokacin na lura ban riƙe sunan da take kira ba. Na ji shi ya fi a ƙirga a maraicen da nake yanka, kowane ji kuma ina jiran ya wuce ne in samu abin da nake so. Ban san ko ɗanta ba ne, ko mijinta, ko an amsa mata daga baya. Ta tsayar da mutane sun yi shiru don ta ji wanda take kira, ni kuma na zo daga nesa na kwashe shirun na kai inda nake da buƙata.

Na daɗe a haka. Mutane suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, malaman makaranta da ɗalibansu kaɗan, wasu dattawa, mata da jarirai a baya. Suka zazzauna a kujerun baya, na gaba suka zama fanko. Na rufe fayil ɗin ban taɓa tudun ba. Na goge shi daga kwamfuta, na goge shi daga filash, na buɗe kwandon shara na zubar.

Barista tana bakin ƙofa tana gaisawa da baƙi. Na jira ta sallami wani dattijo, na matsa kusa.

"Anti, wankakken zan saka."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗayan fa?"

"Babu shi."

Ba fushi a fuskarta, sai gajiya. "Za su ɗauka sifika ce ta mutu."

"Na sani."

Wani ya kira ta daga wajen tebur cewa makirufo ba ya kamawa. Ta nufi can. Na bi ta na gyara wayar makirufon da ta saki, na koma mazaunina a gefen zauren. Aka buɗe da addu'a. Mai kemis ya yi bayani a kan magungunan da ba a iya dakatar da shansu, wani malami ya karanta buƙatunmu, jariri ya yi kuka aka fita da shi. Sannan Barista ta miƙe ta ce akwai saƙo daga wani likitan dabbobi, abokin ɗaya daga cikinmu, wanda ba a ji daga gare shi ba tun da ya turo shi. Ba ta ƙara komai a kai ba. Ta juyo ta gyaɗa mini kai.

Na ɗaga sautin daidai yadda na baya za su ji, na danna, na ɗauke hannuwana daga kan na'urar na ɗora su a cinya.